Goge da Celo: Yadda Aikinmu Ke Tafiya

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau bayan la'asar muka zauna a zauren Baffa aka tsayar da magana: za mu yi wasan kiɗa da zai haɗa goge da celo. Na ɗauki alkawarin rubuta yadda aikin ke tafiya, don duk wanda ya so bin sawunmu ya san inda ƙaya take.

Akwai wata malama 'yar kudu da ta yi bautar ƙasa a makarantarmu shekarun baya, har yau yara Anti Kofa suke ce mata. Da ta koma Legas sai ta ci gaba da abin da ta koya a makarantar kiɗa ta MUSON, wato kaɗa celo. Ga wanda bai taɓa gani ba, celo gogen Turawa ne, amma ƙato, na katako, mai tsarkiya huɗu. A zaune ake kaɗa shi, a jingina shi a ƙirji, ƙafarsa ta ƙarfe guda ɗaya tana cake a ƙasa. Anti Kofa tana cikin wata ƙungiyar makaɗa ta sa-kai a can, irin wadda ma'aikaci da ɗan kasuwa da ɗalibi ke haɗuwa bayan an tashi aiki. Ita ta kawo shawarar mu haɗa wasa ɗaya, mu a nan tsakanin Gumel da Maigatari, ita a can, a sa a intanet. Ta ce haka manyan ƙungiyoyi suka yi lokacin kullen korona. A watan Maris na 2020 makaɗan birnin Rotterdam na ƙasar Holan kowa ya ɗauki kansa a ɗakinsa, aka harhaɗa, duniya ta kalla.

Mu goma sha ɗaya ne. Samari biyu masu kukuma, mai gurmi ɗaya da ya taso a wajen Haɗeja, ƙasar marigayi Haruna Uji, sai mai kalangu wanda mahauta ke kira in suna da biki, da wani yaro Bafulatani mai sarewa daga rugar da ke gabas da mu. Matata da gwaggona za su yi ƙwarya. Ɗalibaina uku za su busa sarewar roba da Anti Kofa ta bar mana. Cikon na goma sha ɗaya Baffa ne, ƙanin mahaifina, da gogensa.

Saboda shi na karɓi aikin nan. Gidanmu gidan kiɗa ne, ni kaɗai na bi boko na zama malamin makaranta. Tun wajen shekarar 2000, da zamani ya juya, Baffa ya rataye gogen a ƙusa ya koma gona. Bai taɓa ƙorafi ba. Amma ina ganin yatsun hannunsa na hagu suna motsi a kan ƙotar fartanya in ya zauna hutawa.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Jiya Alhamis muka ci kasuwar Maigatari, ni da Baffa a babur. Da aka sauke gogen daga ƙusa, ƙwaryar lafiya lau, amma fatar guzan ta tsage, tsarkiyar kuma ta zama gari. Mun samu fata wajen dukawa. Gashin wutsiyar doki ne ya ba mu aiki, don Baffa ya ƙi na mutum uku. Yana ɗaukar sili ɗaya ya ja shi tsakanin babban yatsa da manuni, ya kai kusa da kunne, ya mayar. Ya ce wanda ya yi santsi ba ya riƙe ƙaro, wanda ba ya riƙe ƙaro kuwa ba ya magana. Da na gaya wa Anti Kofa a waya ta yi ta mamaki, ta ce bakan celo ma gashin doki ne, ita ma ƙaron itace take goga masa kafin ta fara.

Yau bayan an sauko daga masallaci muka je gaida dagaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba wasan dare za mu yi ba, ba kuma taron rawa ba." Ya saurara har na gama, ya ce mu je wajen liman, abin da Malam ya ce shi ke nan. Liman ya yi tambayoyi masu kyau, ya kuma kafa sharaɗi uku: kada a taɓa taken bori ko ɗaya, kada maza da mata su cakuɗa ranar kallo, kada kiɗa ya ci lokacin salla. Baffa ne ya amsa da kansa: "Allah gafarta Malam, na karɓa." Ni ma ban ga abin musu a ciki ba. Kowa ya san da me aka san goge a ƙasar nan, kuma wanda yake son a saurare shi da kunnen adalci sai ya fara kawar da abin da mutane ke tsoro.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Mun gwada kaɗawa tare kai tsaye ta kiran bidiyo na WhatsApp. Ya ƙi. Ita ta ga mun makara sai ta jira mu, mu ma mu ji ta ja baya sai mu jira ta, kiɗan ya yi ta raguwa har ya tsaya cak. Mai kalangu ya ɗauka ita ce ba ta iya riƙe bugu ba.

Laifin hanya ne. Sauti a iska yana cin kamar mita 340 a sakan ɗaya, shi ya sa in mutum na faskare daga nesa za ka ga gatari ya sauka kafin ka ji ƙararsa. Makaɗa na iya jure jinkirin kamar kashi 30 cikin 1000 na sakan, daidai da tazarar mita goma tsakaninsu. Kiran waya daga nan zuwa Legas ya ninka haka sau da yawa, balle a nan da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wani lokaci ma wayar ta kamo layin Nijar. Da misalin gatarin na yi musu bayani, kowa ya gane nan take.

Saboda haka hanya ɗaya ce: za ta aiko da kiɗan jagora mai ɗauke da bugun ƙirge, kowa ya sa a kunne ɗaya, ya kaɗa nasa, a ɗauka da wata wayar. Ni zan haɗa a kwamfuta.

Asabar, 16 ga Nuwamba

An zaɓi abin da za a kaɗa. Uku ne: ɗaya namu duka tare da ita, ɗaya nata ita kaɗai, ɗaya kuma tsohon taken noma da Baffa ya gada wajen kakanmu, ita ta raka shi.

Na tarayyar shi ne sashe na biyu, mai tafiyar hawainiya, na babban kiɗan da Antonin Dvorak ya rubuta a Amurka a 1893, wanda ya sa wa suna "Daga Sabuwar Duniya". Mutumin ƙasar Cek ne, an ɗauko shi ya shugabanci wata makarantar kiɗa a Niyok daga 1892 zuwa 1895. A can wani ɗalibi baƙar fata, Harry Burleigh, ya riƙa rera masa waƙoƙin da jikokin bayi suka gada, Dvorak kuma ya fito ya ce a kan waɗannan waƙoƙi ya kamata Amurka ta gina kiɗanta. Ban san wannan tarihi ba sai da ta ba ni, amma kunnena ya riga ni sani. Da ta kunna mana farkonsa, mai gurmi ya bi shi a karo na biyu ba tare da an nuna masa ba. Dalili kuwa, farkon waƙar bai fita daga sautukan nan biyar da yawancin kiɗanmu ke yawo a kansu ba, abin da muke koya wa yara a aji da do, re, mi, so, la.

A tsakiya ne ake samun baƙo. Waƙar na hawa sama ta taka "ti", sautin da ke manne da do na sama. Masu kukuma sun lalubo shi da yatsa cikin rabin awa. Yaron sarewa ne ya sha wuya, don ramuka huɗu gare ta, babu na wannan sauti. Ya koma gefe ƙarƙashin darbejiya yana ta gwadawa, can sai ga shi ya dawo ya toshe rabin rami da gefen yatsa, ya karkata bakin sarewar kaɗan. Sautin ya fito, da ɗan dishi-dishi, amma shi ne. Na ɗauka na aika mata. Ta amsa da Hausarta ta 'yan bautar ƙasa: "Kar ya gyara, ya yi kyau sosai."

Da ta so mu ƙara wani na Bafaranshe, wanda asalinsa celo ne da piyano biyu, gurmi ya tsaya a madadin piyano. Mun gwada, gurmi mai tsarkiya biyu ba zai iya bin wannan sauye-sauyen ba. An ajiye shi.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Mutum uku kawai suka zo. Ana kakkaɓar riɗi, ga roron wake, ga zoɓo ya isa tsinka. Ban ga laifin kowa ba, ni ma da safe a gona nake.

Na yi amfani da ranar wajen neman ɗakin ɗauka. Ajin makaranta ya faɗi: rufin kwano ne, sauti na dawowa, in rana ta take kuma kwanon na ƙara shi kaɗai. Zauren Baffa ya fi ko'ina, ginin ƙasa, rufin azara, na shimfiɗa tabarmi biyu na rataya bargo a ƙofa. Lokaci kuma sai bayan isha'i, in injin niƙa ya mutu, mata sun gama daka, kaji sun kwanta.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Mako guda muna ɗauka. Dokokin da muka koya da wahala: a sa wayar ɗauka a yanayin jirgi don kada kira ya shigo, a kwantar da ita a kan buhu ba a riƙe a hannu ba, kowa ya tafa sau ɗaya da ƙarfi daidai bugu na huɗu don in sami inda zan daidaita, a kuma aika a matsayin fayil, don in an tura kai tsaye WhatsApp na matse shi ya cinye rabin daɗin.

Jagoran da ta aiko bugu 52 ne a minti. Yaran makaranta sun gama a dare ɗaya. Masu kukuma dare biyu. Mai gurmi ya yi sau shida, na shida ya zauna.

Baffa ya kasa.

Na rubuta haka ne don haka abin ya faru, ba don hannunsa ya mutu ba. Hannun na nan. Daren farko da ya ja baka a kan sabuwar tsarkiya, gwaggo ta fito daga cikin gida ta tsaya a bakin zaure da ludayi a hannu, ba ta ce komai ba har ya gama. Amma da zarar na sa masa abin kunne, sai ya zama wani mutum. Yana fara jimla daidai, in ya kai inda waƙar ke sauka sai ya ja ta, ya ɗan dakata kamar mai numfashi, kafin ya ɗago bugu ya wuce shi. Ya bi shi da gudu, ya wuce shi kuma. Sau goma sha ɗaya muka yi daren Laraba. A na ƙarshe ya zare abin daga kunne ya ajiye a tabarma a hankali.

Babana yake ce mini, don sunan mahaifinsa na ci. Ya ce, "Babana, wannan agogon naka ba ya jin abin da nake faɗa. Shekara talatin ina kiɗa, mai kalangu ni yake kallo, in na ja ya ja, in na saki ya saki. Yanzu ka kawo mini wanda ba shi da ido."

Na ce masa a hankali zai saba. Ya ce to. Amma na ga ya mayar da gogen ƙusar da ya sauko daga kai, ba jikin bango inda yake jingine shi kwanakin nan ba. Ban yi barcin kirki ba.

Na zauna da kwamfuta ina duba ko zan iya yanka kiɗansa gunduwa-gunduwa in jera a kan bugu. Audacity, manhajar gyaran sauti, na iya wannan, na gwada da jimla biyu. Sun zauna daidai, amma da na saurara ban ji Baffa a ciki ba. Na goge.

Alhamis, 5 ga Disamba

An ɗauki mata. Matata ce ta riƙe wayar a cikin gida, sun ce hannu da ƙwarya kawai za a nuna, haka kuma aka yi. An ɗauki yaron sarewa ma cikin gaggawa, don mahaifinsa ya ce da shanu sun gama cin karan gonaki za su gangara fadama.

Baffa bai zo zaure ba tun ranar. In na gaishe shi yana amsawa da fara'a, ba ya tada maganar.

Lahadi, 8 ga Disamba

Nata na ita kaɗai ya iso jiya da dare, bayan na hau tudun bayan makaranta na tsaya kusan awa guda kafin ya sauka. Buɗin farko ne na jerin kaɗe-kaɗe shida da Johann Sebastian Bach ya rubuta wa celo shi kaɗai, wajen 1720, a ƙasar Jamus. Bai fi minti biyu da rabi ba.

Na kunna a waya, na ji abu siriri kamar kukuma mai mura. Na kira ta na ce ko ɗaukar ta lalace. Ta ce a'a, wayata ce. Tsarkiyar celo mafi kauri tana kaɗawa kamar sau 65 a sakan, ƙaramar sifikar waya kuwa ba ta iya fitar da sauti mai zurfi haka. Abin da nake ji saman kiɗan ne kawai, gindin ya ɓace. Wannan babban darasi ne ga ranar kallo, don yawancin masu kallonmu a waya za su gani. Dole mu rubuta a ƙasan bidiyon cewa a sa abin kunne.

Da hantsi na roƙi mai gidan kallon ƙwallo ya ara mana babbar sifikarsa kafin a fara wasa. Na je na ce wa Baffa, "Baffa, zo ka ji baƙuwarka. Ba kiɗa za ka yi ba, ji kawai." Ya sa hula ya biyo ni.

Benci babu kowa sai mu uku. Da aka kunna, sautin farko ya fito daga ƙasa kamar bajimi ya yi nishi a cikin rijiya. Baffa ya tashi daga inda yake, ya je ya ɗora tafin hannunsa a jikin akwatin sifikar, ya bar shi a nan. Kiɗan na hawa yana sauka a kan tsarkiya uku, yana komawa gindi kowane lokaci kamar mai ɗebo ruwa. Wajen tsakiya akwai inda ya hau ya tsaya cak, ta riƙe sautin, ta yi shiru kaɗan, har ana jin ta ja numfashi, sannan ta gangaro.

Baffa ya juyo. "Mayar da shi baya." Na mayar. "Nan. Ka ji? Ta tsaya. Ina agogon?"

Na ce wannan ita kaɗai ce, ba ta sa agogo ba.

"To ashe ta san abin da nake nufi."

Sau huɗu muka saurara. A hanyar gida na ba shi labarin da ta ba ni, cewa kaɗe-kaɗen nan sun daɗe ana ɗaukarsu abin koyon hannu kawai, ba na fita fili ba. Rubutun hannun Bach ɗin ma ya ɓace, kwafin da matarsa Anna Magdalena ta yi yana cikin waɗanda suka cece su. Sai a 1890 wani yaro ɗan shekara 13, Pablo Casals, ya tsinci tsohon bugun littafinsu a wani shagon tsofaffin takardu a Barcelona. Ya yi shekara goma sha biyu yana kaɗa su a ɗaki kafin ya yarda ya fito da su gaban jama'a, bai kuma ɗauke su a faifai ba sai tsakanin 1936 da 1939. Baffa ya tambaye ni shekara nawa ke nan suna rataye. Na ce sun haura ɗari da hamsin. Ya ce, "Nawa ashirin da huɗu ne kawai."

Asabar, 14 ga Disamba

Mun juya aikin. Na kira Anti Kofa ranar Litinin na gaya mata komai, har maganar mai ido da marar ido. Ta yi shiru, sannan ta ce kuskuren nata ne da nawa: mun ba agogo jagoranci alhali muna da jagora. A ƙungiyarsu ma, in babban baƙo na kaɗa nasa, madugu shi yake bi, sauran su bi madugu. Ta ce Baba ya fara kaɗawa yadda yake so, ita za ta bi shi, sauran su bi su biyun.

Wannan na nufin duk abin da muka ɗauka na mako biyu ya tashi a banza, sai an sake. Na faɗa wa jama'a ba ɓoye-ɓoye. Ɗaya daga masu kukuma ya ɓata rai, kuma yana da gaskiya, dare biyu ya bar shagonsa. Mai kalangu kuwa cewa ya yi da ma.

Daren Laraba Baffa ya zauna, babu komai a kunnensa. Sanyi ya sauko sosai, hazo ya rufe wata. Ya ɗumama yatsu a kaskon wuta, ya goga ƙaro, ya kaɗa na Dvorak sau biyu, taken noma sau ɗaya. Na biyun muka ɗauka. Ya fi na agogo tsawo da sakan goma sha tara, kuma duk sakan ɗin nan na san inda suka shiga.

Sai matsalar ɗauri. Baffa da muryarsa yake ɗaure tsarkiya, ba da na'ura ba, ga hunturu ya busar da fata da gashi. Da na auna da manhajar waya, sautinsa ya faɗa tsakanin biyu, ba nan ba can. Na ji tsoron za a ce ya sake. Ta ce ba komai, ita za ta sassauta tsarkiyoyinta huɗu su sauko inda yake, tunda babu piyano a cikinmu da zai hana. Ta ƙara da cewa ma'aunin 440, wato sautin da ke kaɗawa sau 440 a sakan, da ake ɗaure kayan kiɗa a kai yanzu, a wani taro a Landan a 1939 aka amince da shi. A zamanin Bach kowane gari da nasa. Sarewar roba ce kaɗai ba ta sassautuwa sosai, sai an ɗan zaro kanta, shi ma mun gwada ya yi kusa.

Lahadi, 22 ga Disamba

Ta dawo da nata. Ta ce kwana huɗu tana sauraron Baffa kafin ta taɓa baka, har ta yi wa takardarta alama a duk inda yake numfashi. A taken noma ba ta bi waƙar ba sam. Ta riƙe sauti biyu masu zurfi a ƙasa, tana sauya su a hankali, gogen na yawo a kansu. A wuri ɗaya kawai, inda 'yan amshi kan karɓa a da, ta ɗauki jimlar ta mayar masa. Ban gaya mata nan ne wurin amshi ba. Da Baffa ya ji, sai ya ce a gaya wa 'yar nan Allah ya yi mata albarka, ya kuma sa a auna mata riɗi kwano biyu a ba direban da ke zuwa Legas.

Sake ɗaukar sauran ya zo da sauƙin da ban zata ba. Mai kalangu sau ɗaya ya yi. Na sa masa bidiyon Baffa a gabansa, yana kallon kafaɗarsa, bai kuskure ko ɗaya ba. Yaran makaranta ne yanzu suka wahala, su da suka fi kowa iya bin agogo, don sun saba ƙirge ba su saba jira ba. Na zaunar da su suka saurara sau biyar ba busa, suna ɗaga hannu duk inda Baffa ya ja. Ranar ta uku suka samu.

Yaron sarewa ya riga ya tafi. Ranar Juma'a na bi su da babur har inda suka sauka, na same shi cikin shanu. A nan muka ɗauka, a bayan wata tsamiya don iska. Ana jin kukan saniya sau ɗaya wajen ƙarshe. Na bar shi.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Inda muke yau. Sautin na Dvorak ya haɗu, layi goma sha biyu. Na rage kalangu da ƙwarya sosai don suna danne gurmi, mai kalangu bai ji ba tukuna, sai na zaunar da shi na yi masa bayani. Taken noma saura in daidaita shigar kukuma ta biyu, tafinsa bai fito ba, da kunne nake lalube. Na Bach ba abin da zan taɓa.

Hoton ne ke cin rai. Gida goma sha biyu a fuska ɗaya, uku a tsaye huɗu a kwance, kwamfutata kuma in ta yi zafi sai ta tsaya. Ina aiki da asuba kafin makaranta, in batirin sola ya kwana da caji. Na sa Baffa da Anti Kofa a tsakiya, kafaɗa da kafaɗa, bakansu na tafiya gefe ɗaya.

An tsayar da ranar Asabar, 25 ga Janairu, bayan isha'i, don a gama tun azumi da sauran nisa. Za a sake shi a YouTube da Facebook lokaci ɗaya, 'yan ƙungiyarsu na Legas za su kalla a ɗakin da suke gwaji. Mu a filin makaranta za mu kafa majigi, maza gabas, mata yamma da igiya a tsakani, kamar yadda aka yi da liman. Mai gidan kallo ya ba da sifika, ya ce mai kawai za mu zuba wa janareta, kuma za a kai shi bayan aji da doguwar waya don ƙara. Ɗora bidiyon sai na shiga Gumel, sabis ɗin nan ba zai ɗauka ba.

Abin da ya rage: farin ƙyalle na majigi, kuɗin data, gajeren bayani da Hausa da Turanci da za a karanta kafin kowane kiɗa, da komawa wajen dagaci a sanar da shi rana. Anti Kofa ta roƙi Baffa ya yi magana ta minti ɗaya a farkon bidiyon, ya faɗi wajen wa ya koyi taken. Ya ce zai yi, amma sai an wanke masa babbar rigarsa, kuma ranar Laraba, don Alhamis yana son komawa Maigatari ya ƙaro gashin doki. Sili uku sun tsinke a bakan.